Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ruwa Garau, Kifi Na Haki

Makon jiya na tsaya a inda Oga ya ɗauke ni aiki a shagonsa na kifin ado a Kaduna. Aikin waje na farko da ya tafi da ni gidan wani Alhaji ne da ya sayi tankin gilashi mai cin lita 200, ya kuma kafe sai an zuba kifi kafin bikin 'yarsa.

Oga ya ce, "Ranka ya daɗe, sabon tanki bai nuna ba tukuna. A ba shi mako huɗu zuwa shida."

"Mako shida? Malam, ruwa ne fa, ba ginin bene ba."

Mai kuɗi ya yi magana, aka zuba kifi. Oga dai ya gindaya sharaɗi: kaɗan za a fara sawa, ni kuma in riƙa zuwa kullum da safe ina gwada ruwan.

A kan babur muna komawa ya warware mini zancen. Kashin kifi da ragowar abinci amoniya suke zama, guba ce. Wasu bakteriya da ake kira Nitrosomonas sukan yi gida a soson filta su mayar da ita naitirait, shi ma guba. Sai wasu daban, Nitrospira, su juya shi zuwa naitiret, wanda kifi ke iya zama da shi in bai taru ba. Na biyun nan ba sa yaɗuwa sai na farkon sun samar musu abin ci, shi ya sa naitirait ke hauhawa a tsakiyar tafiya, daidai lokacin da mai gida ya saki jiki yana nuna wa baƙi tanki.

Kayan gwajin naitirait ɗinmu na wani kamfani ne mai suna API. In ɗebi ruwa mililita 5 a 'yar kwalba, in ɗiga magani sau 5, in girgiza, in jira minti 5. Shuɗi mai haske na nufin sifili. Da ya fara karkata zuwa shunayya, akwai magana. Dokar Oga ba ta da kwana: sifili kaɗai ne lafiya. Miligiram 0.25 a lita, buɗe ido. Ya kai 0.5, a canza ruwa a ranar. Ya taɓa 1, a kwashe rabi a dakatar da abinci. Na san wasu kifaye sun fi wasu juriya, amma har yau ban yarda da mai cewa "ɗan kaɗan ne, ba komai" ba. Kifin da bai mutu ba ma yakan kwanta ciwo daga baya.

Wata safiya Hajiya ta tare ni tun daga ƙofar falo. "Yaro, zo ka gani, tun asuba suke haki."

Ruwa garau, injin iska na ta ɓulɓula, amma kifayen sun taru a sama suna buɗe baki. Na kamo ɗaya da raga na ɗaga murfin kunnensa: inda ya kamata a ga ja jawur, ya koma ruwan ƙasa. Naitirait ta nan yake shiga jini, ya ɓata himogulobin, wato sinadarin jini mai dakon iska, jinin ya kasa ɗaukar iska. Kwalbata kuwa ko minti 5 ba ta jira ba ta rine. Ashe jikoki da suka zo biki kowa ya wuce sai ya watsa musu abinci, ga shi an ɗauke wuta cikin dare filta ta tsaya, su kuma bakteriyan sai da iska suke aiki.

Na kira Oga. Ya ce in kwashe rabin ruwan, in tabbata wanda zan zuba an kashe kulorin ɗinsa, wato maganin da ake sa wa ruwan famfo, sannan in narka gishiri ɗan kaɗan in sa. Hajiya ta zuba mini ido. "Miya za ka yi mana?" Kuloraid, wani sinadari da ke cikin gishiri, ta ƙofa ɗaya yake shiga jikin kifi da naitirait, sai ya tare masa hanya. Masu kiwon tarwada a jihar Misisipi ta Amurka da wannan dabarar suke tsare kududdufansu, kashi 10 na kuloraid ga kashi 1 na naitirait.

Da yamma Oga ya zo da tsohon soso daga tankin shago, jiƙe da ruwansa, da bakteriyansa a ciki, ya cusa a filtar. Ni kuma na ɗauke gwangwanin abincin na damƙa wa Hajiya ta kulle a ɗaki. Sai bayan an kai amarya kwalba ta dawo shuɗi, kuma a ranar ƙanin Alhaji ya ja ni gefe ya ce yana da wani fili a hanyar Zariya. Wannan sai mako mai zuwa.