Kada ki cika bango a watan amarci

Ƙannena masu shirin tarewa a Jidda ko Makka, shawarata gare ku ita ce ku zauna a ɗakin tukuna kafin ku fara sayen kayan ɗaki da na ado. Ki ga ta inda rana ke shigowa, ina mukayyaf, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗiga, ina baƙi ke son zama, sannan ki ciro kuɗi.

Mu da jere aka san mu. Iyayenmu sun jera kwalla da fanteka har rufi, idon 'yan ganin ɗaki kuwa shi ne ma'auni. Da wannan idon na shiga kasuwa, sai dai maimakon kwanuka na kwaso allunan bango irin waɗanda inji ke bugawa barkatai, da fitila mai ruwan gwal, da manyan kujeru da suka cinye rabin falo, mafi yawansu bashi ne ana biya wata-wata. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ban san danshin tekun Jidda ba ya raga wa katakon da aka matse daga garin katako ba. Kabad ɗin da na jingina da bangon banɗaki bayansa ya kumbura, fatar ta ɓare, ga baƙi-baƙi na funfuna, ban ma gama biyan kuɗinsa ba. Da rusau ya zo tsofaffin unguwannin kudancin Jidda daga ƙarshen 2021 muka tashi, kujerun suka ƙi hawa benen sabon gida. A haraj, kasuwar gwanjo, na rabu da su a kuɗin da har yau nake jin ciwonsa. Mai zaman haya ya sayi abin da zai iya ɗauka.

Abin da ya fi damuna shi ne ina zaune a garin da ke cike da ado na gaske, ban taɓa tsayawa na duba ba. Ki shiga Balad, tsohon garin Jidda da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, ki ɗaga kai ki kalli rawashin, tagogin katakon nan masu ƙananan ƙofofi. Iska na shiga, haske na ratsawa, na waje ba ya ganin matan gida. Kyau ne da aiki a haɗe. Ki nemi zanen ƙatt na matan yankin Asir a kudancin Saudiyya, wanda UNESCO ta karrama a 2017: farin bango, a bi shi da layuka da dala-dala masu ja da kore da shuɗi da rawaya, da hannu, ba ma'auni. Ga saƙar sadu ta makiyaya. Matasan masu zane a ƙasar nan suna ɗaukar waɗannan su sake musu fasali, kuma tun 2023 ake baje kolin fasahar Musulunci a tashar alhazai ta filin jirgin Jidda. Kallo yana gyara ido, bayansa ba kowane kyalkyali zai ruɗe ki ba.

Namu ma ba baya ba ne. Faifai uku masu launi a farin bango, ko zane ɗaya na shuni daga marinar Ƙofar Mata a miƙe shi a firam, ko ƙwarya mai sassaƙa, sun fi allunan inji goma daraja. Alhazai na zuwa kullum, ki yi saƙo. Idan kuma kin samu mai zane da ke farawa, ki sayi ƙaramin aikinsa na hannu, ko da shi kaɗai ne a ɗakin.

Wani abu kan allunan ayoyi, domin yawancinmu su muke ratayawa tunda muna guje wa hoton mai rai. Ki karanta kafin ki saya, na taɓa ganin wanda aka tsallake harafi. Kada kuma ki sa shi inda za a miƙe masa ƙafa ko daf da ƙofar banɗaki.

Wajen ratayawa, tsakiyar allo ya zo daidai ido, wajen santimita 150 daga ƙasa, in kuma zaman ƙasa kuke yi a kan katifun majalisa ki ƙara sauke shi. Ki nisanta shi da rana da bakin mukayyaf, ki kuma nemi izinin mai gida kafin ki huda bango, don kada ranar tashi ya cire kuɗin gyara daga ajiyarki.