Yadda nake horar da masu ɗauko labari daga sama

Duk matuƙin da aka turo mini ya riga ya iya tuƙi. Kamfanonin da ke ba gidajen talabijin hayar jirage masu saukar ungulu a Los Angeles ba sa ɗaukar sabon hannu, sai wanda ya daɗe a sama. Abin da nake koya masa daban ne: yadda zai riƙe jirgi alhali a ƙarƙashinsa gida na ci da wuta, ko 'yan sanda na bin mota a guje, kuma ya hana idonsa bin abin da kowa a garin ya zuba wa ido.

Ni a Neja Delta na fara, ina kai ma'aikata rijiyoyin mai da ke cikin teku. Can tafiya ce miƙaƙƙiya, ka tashi nan ka sauka can, kuma hanyarka taka ce. Da na shiga aikin labarai sai na tarar da akasin haka. Ba ka san inda za ka ba sai an kira, in ka isa kuma ba sauka za ka yi ba, zagaye za ka yi ta yi a hankali, ga jirage huɗu ko biyar na wasu tashoshi suna nasu zagayen a kan wuri guda, ga na 'yan sanda a ƙasanku.

A Los Angeles aka haifi sana'ar. A 1958 wani injiniyan tashar KTLA mai suna John Silva ya ɗora kyamara da na'urar aika hoto a kan ƙaramin jirgi samfurin Bell 47. A Disamba 1963 madatsar ruwa ta Baldwin Hills ta fashe, mutane suka ga ruwa na cin gidaje kai tsaye daga sama. Ran 17 ga Yuni 1994 kuwa, lokacin da 'yan sanda suka bi farar motar O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka da ake zargi da kisan kai, an ƙiyasta mutum miliyan 95 ne suka kalla. A cikin waɗannan shekaru aka saba da wata al'ada: matuƙi ɗaya, shi ne mai tuƙi, shi ne kuma mai ba da rahoto da bakinsa. Masu kallo na sonsu, tashoshi ma na sonsu, don albashi ɗaya ake biya a sami aikin mutum biyu.

Darasina na farko a ƙasa nake yinsa, kuma kullum da abin da ya faru a birnin Phoenix nake buɗewa. Ran 27 ga Yuli 2007, da tsakar rana, sama garau, jiragen tashoshin KTVK da KNXV suna bin wata mota da 'yan sanda suka biyo. Wanda ake bi ya fita daga motar ya shiga wata, hankalin kowa ya koma ƙasa. Jiragen biyu suka yi karo, suka faɗa cikin wani lambun shaƙatawa, matuƙa biyu da masu ɗaukar hoto biyu duk suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ce matuƙan ba su ga juna ba, ta kuma ce nauyin ba da rahoto da bin abin da ke ƙasa da ido yana cikin abin da ya jawo haka, tare da rashin tsayayyar ƙa'ida tsakanin jiragen labarai na yankin. Ina ba ɗalibi rahoton ya karanta da kansa. Ba na so ya tashi da tunanin cewa sakarkaru ne suka mutu, domin ƙwararru ne, sun san garin, sun san juna, suna ma magana da juna ta rediyo jim kaɗan kafin karon.

Ra'ayina a kan wannan ba ya canjawa: wanda ke riƙe da jirgi kada ya yi rahoto. Na san tsofaffin matuƙa da suka yi shekaru suna haɗa biyun ba su ko ƙwarzane ba, ina kuma girmama su, amma ba zan koya wa kowa haka ba.

In muka tashi, abu na farko da nake yi shi ne rufe ƙaramin allon da ke gaban matuƙi, wanda ke nuna hoton kyamara. Kusan kowa yakan yi ƙorafi. Allon nan yana jan ido fiye da yadda mutum ke zato, sai ka ga matuƙi yana tuƙa jirgi ta cikin hoto ya manta da taga. Sa'an nan, ba tare da gargaɗi ba, in tambaye shi: "Jirage nawa ne a nan, kuma ina kowannensu?" Dole ya nuna mini su da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ce "ɗazu yana bayanmu" bai amsa ba. In ka daina ganin jirgi, ka faɗa nan take a mitar rediyon da jirage masu saukar ungulu ke magana da juna, 123.025, ka faɗi tsayinka da inda ka dosa, ka fice daga zagayen har sai ka sake ganinsa. Kowane jirgi da nasa tsayin da aka yarda a kai, na 'yan sanda a ƙasa, na labarai a bisa, kuma duk a juya ta ɓangare guda. Tun daga 2020 doka ta tilasta wa jirage a sararin manyan birane su ɗauki na'urar da ke sanar da inda suke, kuma tana taimakawa ƙwarai. Sai dai ita ma allo ce, wani abin kallo ne a cikin jirgi, shi ya sa nake cewa a leƙa ta, a koma taga.

Mai ɗaukar hoto shi ne rabin aikin, kuma sau da yawa horonsa ya fi ba ni wuya. Kyamarar tana cikin wata ƙwallo a hancin jirgi, da na'urar da ke hana ta girgiza, shi kuma yana zaune a baya yana juya ta da ɗan sanda a kan cinyarsa. Kwanakin farko amai ne ke damunsa, domin idonsa na kan hoto mai tsaye, jikinsa kuwa na jin jirgi na juyawa. Wannan yakan wuce. Abin da ba ya wucewa da sauƙi shi ne ɗabi'ar da ya zo da ita daga ƙasa, ta matsawa kusa. A ƙasa mai hoto nagari shi ne mai kutsawa gaba. A sama kuwa kyamarar tana iya jawo fuskar mutum daga nesa mai yawa, don haka babu dalilin cewa matuƙi ya sauko. Ina koya masa ya faɗi abin da yake so ya gani, kada ya faɗi yadda za a tuƙa. "Bishiya ta tare ni." "Rana na cikin ido." "Ƙafar jirgi ta shigo hoto." Daga nan matuƙi ne zai zaɓi yadda zai gyara, ko ya ce ba zai yiwu ba. Haka kuma hoton yana bi ta iska ne zuwa eriyoyin da ke kan tsaunuka irin su Wilson, in jirgi ya karkata ta wani gefe ko tudu ya shiga tsakani sai hoto ya yanke, to wannan ma dole su biyun su san shi tare.

Inda na fi daɗewa da ɗalibi shi ne tafiya a hankali. Mai hoto yana son jirgi ya tsaya cak a sama, kuma a nan haɗari ya fi taruwa. In gudu ya yi ƙasa da kimanin kilomita 55 a sa'a, iska kuma ta bugo daga baya ko daga wani gefe, ƙaramar farfelar wutsiya tana iya kasa riƙe jirgin, sai hanci ya fara juyawa da kansa. In kuma jirgi ya soma zamewa ƙasa fiye da ƙafa 300 a minti ɗaya ba tare da gudu ba, yana iya nutsewa cikin iskar da farfelarsa ke turawa, ƙarin ƙarfi kuma sai ya ƙara nutsar da shi. Muna hawa can sama inda akwai sarari, in sa ɗalibi ya shiga farkon wannan hali da gangan, ya ji yadda jirgin ke karkarwa, ya fita. Wanda ya saba da jiragen Bell ya koma AS350 ƙirar Faransa yana da ƙarin aiki, domin babbar farfelar tana juyawa ta ɗaya ɓangaren, ƙafar da ya saba takawa idan ya ƙara ƙarfi ba ita ba ce yanzu. A ranar lafiya kowa na tunawa. A lokacin firgita ƙafa takan koma wa tsohon sabo, shi ya sa muke maimaitawa har ya gaji. Kuma a kowane zagaye ina tambaya: in inji ya mutu yanzu, ina za ka sauka? Filin ƙwallon makaranta, ko magudanar kankare ta kogin Los Angeles, ko filin ajiye motoci. In ya nuna wuri, sai in ce ya nuna mini wayoyin lantarkin da ke kewaye da shi.

Sai maganar ɗakin labarai. A nan nakan zama furodusa, in yi magana a kunnen ɗalibi kamar yadda ake yi ranar babban labari: "Minti biyar kacal, don Allah, yanzu za su kama shi, abokan hamayya na nan ba su tafi ba." Dokar Amurka ta ce jirgi mai saukar ungulu ya tanadi man da zai kai shi masauki da rarar minti 20, mu kuma mun sa wa kanmu fiye da haka. Ina matsa masa da roƙo, da fushi, da ambaton kwangila. Furodusoshi ba mugaye ba ne, aikinsu ne su nema, kuma ba sa ganin ma'aunin mai. Abin da nake jira shi ne in ji ya ce "Mun tafi" da murya a kwance, ba tare da dogon bayani ba. Wanda ya fara ciniki, ya ce to minti uku, sai mu sake daga farko wata rana.

Haka yake da yanayi. A watannin Mayu da Yuni gajimare kan taso daga teku da safe ya kwanta a kan gari, ya cika kwaruruka. Wanda ya taɓa tuƙi cikin hazon hunturu a Kano ya san yadda ƙasa da sama ke zama abu ɗaya. Ran 26 ga Janairu 2020 jirgin da ke ɗauke da Kobe Bryant, shahararren ɗan wasan ƙwallon kwando, ya shiga gajimare a Calabasas kusa da Los Angeles, matuƙin ya rasa sanin sama da ƙasa, mutum tara suka rasu. Ba jirgin labarai ba ne, amma kwarurukan da muke bi kullum ne, kuma masu bincike sun ambaci matsin da matuƙin ya ɗora wa kansa na son cika aiki. Lokacin gobarar daji kuma hukuma kan rufe sararin wurin, mu tsaya can bisa jiragen da ke zuba ruwa. In muka shiga hanyarsu dole su dakata, wuta kuwa ba ta dakatawa.

Akwai darasi ɗaya da ba na tuƙi ba ne, kuma ba na tsallake shi. Ran 30 ga Afrilu 1998 wani mutum ya kashe kansa a kan babbar hanya a Los Angeles, tashoshi suka nuna kai tsaye, wasu ma sun katse shirin yara ne suka sa. Tun daga nan aka san cewa mai hoto ne mai tsaron ƙofa na farko. Ina sa shi ya yi ta gwadawa har hannunsa ya saba: da zarar mota ta tsaya, ƙofa ta buɗe, ya ja hoto baya ya faɗaɗa, kada ya jira umarni daga ƙasa. Mutumin da ke kwance a bakin titi ɗan wani ne, wataƙila mahaifiyarsa na gaban talabijin a wannan lokacin. Haka nan ba ma shawagi a kan gidan makoki, kuma in masu ceto suna sauraron muryar wanda gini ya danne, mu ja nesa da ƙararmu.

Yau jiragen sun ragu, domin tsada ta sa tashoshi da dama suna haɗa kuɗi su yi amfani da jirgi ɗaya, ni kuma ban yi baƙin ciki da hakan ba, sama ta ɗan sami sarari. Ƙananan jirage marasa matuƙi sun karɓe wani ɓangare na aikin, amma doka ta tsayar da su a ƙafa 400 kuma a inda mai sarrafa su ke ganinsu, saboda haka bin mota daga wannan gari zuwa wancan har yanzu namu ne. Ko bayan na sa wa matuƙi da mai hotonsa hannu, ba a tura su irin wannan aiki nan da nan. Sukan yi makonni suna ɗaukar cunkoson motocin safe da na yamma, ina zaune a gefe, har sai sauran matuƙan garin sun saba da muryarsu a rediyo.