Jan mai a ƙarƙashin mota, kafin ka ce a sauke giya

Ƙannena da kuka fara riƙe mota, musamman masu Camry Big Daddy ko Corolla ko Honda EOD 'yar hannu, maganar man giya zan yi muku. Big Daddy ɗin nan ƙirar 2002 zuwa 2006 ce, EOD kuma, wato Accord, 2003 zuwa 2005, wato duk wata roba da ke jikinsu ta tsufa ta bushe, ga zafin Kano na watan Maris da Afirilu ga tsayuwa a gosulo daga Kabuga har cikin gari, dole wata rana ka ja mota da safe ka ga jan ɗigo a inda ta kwana.

Abin da ya kashe min giyar Big Daddy ɗina ciko ne. Na ga ɗigon, maimakon in nemi inda yake fitowa sai na ajiye robar mai a but, duk sanda na tuna in tsiyaya kaɗan, kuma kowane irin mai in dai ja ne ni shi kenan man giya ne. Alhali a jikin gejin auna man giyar kansa an rubuta irin man da take sha, T-IV, ni kuwa Dexron III nake ɗura mata saboda ya fi araha. A hankali sai ta fara jinkiri, ka saka D ka jira kafin ta kama, ka taka totur inji ya yi ta ihu mota ba ta tafiya daidai da ihun. Ranar da aka zaro geji man ya koma baƙi yana warin ƙuna, mai gyara ya shinshina ya ce Alhaji kulocin ciki sun ƙone. Ƙarshenta giya 'yar Beljiyam na saya a Ƙofar Ruwa, a kan matsalar da tiyo ɗan guntu ne asalinta.

To farko ma ka tabbatar man giyar ne. A Toyota irin waɗannan man sitiyari shi ma ja ne, ruwan lagireto na kamfani shi ma ja ne ko ruwan hoda. Ka dangwala da yatsa, na lagireto ruwa-ruwa ne, mai kuwa santsinsa ba ya ɓuya. Sannan ka lura da ɓangaren, giya tana gefen direba, famfon sitiyari yana wajen bel a gefen mai zaman banza.

Daga nan kar ka wuce gareji kai tsaye, wajen wankin mota za ka fara. A wanke ƙarƙashin giyar tas a bar shi ya bushe, ka zaga gari kaɗan har mota ta yi zafi, sannan a hau rami da tocila. Abin da ake nema shi ne wuri mafi sama da ya jiƙe, ba inda ɗigon yake faɗowa ba. Kamar rufin ɗaki ne da damina, inda ruwa ke ɗiga maka daban inda kwanon ya ɓule daban. Mai gangarowa yake yi, iska kuma tana kora shi baya in kana tafiya, duk sai ya taru a farantin ƙasan giya, shi ya sa kullum farantin ne ke ɗaukar laifi. Da daddare kuma ka shimfiɗa kwali a ƙasa, da safe zai nuna maka saitin wurin da launin man.

Nawa ma farantin aka ɗora wa laifi, ba a wanke ba aka leƙa aka ce gasket ne, aka kwance faranti aka lafta masa gam aka ɗaure notuna iya ƙarfin yaron gareji, ni ina gefe a kan benci ina danna waya. Yoyo bai tsaya ba. Notunan farantin nan ƙanana ne, ɗauri kaɗan suke so, in aka matse su da yawa bakin farantin lanƙwashewa yake yi ya fara zubar da man da da can ba ya zubarwa, gam ɗin da ya yi yawa kuma yana tsattsagowa ta ciki ya gutsure ya je ya toshe filta. Ashe tiyon da ke kai mai lagireto domin ya huce ne ya tsage daidai bakin kilif, shi kuwa sai inji na aiki yake tsartuwa, in an kashe mota ba za ka ga komai ba. Saboda haka ka ce a duba tana kunne.

Bayan tiyo da gasket sai oyil sil na shaf, wato robar da ke hana mai fita a inda shaf ɗin taya yake shiga giya dama da hagu, za ka ga mai ya fantsama a zagaye. Wannan ba sai an sauke giya ba, shaf kawai za a zare. Mai wahalar shi ne sil ɗin konbata, wato abin da ke kai ƙarfin inji cikin giya, yana ɗigowa ta mahaɗar inji da giya, shi kam dole a sauke. Amma ko nan ka duba launi da kyau, don ta wannan mahaɗar sil ɗin bayan inji shi ma yake zubar da baƙin mai. In har an sauke ɗin, a canza duka biyun a huta, kuɗin aikin ɗaya ne.

Masu EOD ku kula, giyarku ba ta da farantin ƙasa irin na Toyota, duk wanda ya ce zai canza muku gasket ɗin faranti ku karɓi mukullinku cikin mutunci. Manku DW-1 ne, wanda ya maye gurbin Z1, kuma a kashe ake auna shi da zarar an kashe mota tana da zafi. Toyota kuwa a kunne, tana P, a wuri mai lebur.

In ka zaro geji ka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ne ya haɗu da shi ta cikin lagireto, ajiye motar kawai kar ka ce bari in lallaɓa zuwa gida.

Man kuma ka je da ƙafarka ka saya, ka duba murfin ba a taɓa ɓalle shi ba, a buɗe a gabanka. Kuma kar a ce a ƙara ya ɗan wuce layi wai saboda tsaro, in ya yi yawa kumfa yake yi ya fito ta hancin numfashin giya, ka dawo kana neman wani sabon yoyon. A zuba kaɗan-kaɗan, ka taka birki ka bi da giyar ta kowace lamba ka dawo da ita P, a sake aunawa, in ya kwana biyu kuma ka ƙara saka kwalin.