Yadda na riƙe kwamitin gadin layinmu

Bayan gobarar Babbar Kasuwar Katsina a watan Maris na 2021, hankalin masu shaguna ya tashi ko'ina a gari. Mu ma a layinmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura muka kafa ɗan kwamitin gadi da lura da wayoyin wuta, aka ɗora mini shugabanci. Akwai Hausawa, da Ibo masu sayar da kayan gyaran mota, da dattijo Bayarabe tela, da Bafulatani mai shagon magani.

A taro, Ibo ne ke riƙe da magana. Sun saba da ƙungiyoyin garuruwansu, inda ake rubuta komai, mai ƙorafi ya miƙe ya faɗa a gaban kowa. Namu kuwa sai "to, Allah ya sa mu dace", a watse. Bayan la'asar kuma su riƙa sulalowa shagona ɗaya bayan ɗaya: "Alhaji, kuɗin nan fa ya yi yawa." Bahaushe ba ya son musa wa babba a bainar jama'a, shirunsa kuwa ba amincewa ba ne. Bafulatanin ya fi damuna, domin kunya ba za ta bar shi ya ce ba shi da hali ba; sai dai ka ga ya ɗauke ƙafa.

Don haka na riƙa zagaye shaguna kafin ranar taro. Baba tela nake fara gaisarwa, saboda a wurin Yarbawa shekaru ba abin wasa ba ne, kuma in ya amince, yaransa sun amince. Taro ba Juma'a, ba safiyar Lahadi.

Littafin kuɗi na damƙa wa ɗaya daga cikin Ibo. Wani ya ce, "Baƙo zai riƙe mana kuɗi a garinmu?" Maganar ta sosa mini rai. Mutumin a nan aka haife shi, Katsinanci a bakinsa kamar nawa, kuma shi kaɗai ke ba da rasit ba a tambaya ba. Amma da suka nemi a riƙa cin tarar makara, na ƙi, domin da rabin layin sun fice.

Da takardun kuɗi suka yi wuya a farkon 2023, kowa ya koma turawa ta waya, littafin nan ne ya hana rigima. Maigadinmu Buzu ba shi da asusun banki, sai Baba tela ya riƙa tattara tsabar kuɗin ɗinkinsa yana biyansa albashi, mu kuma mu tura masa.