Ranar da Goggon Maraɗi ta zo biyan bashin gaisuwa

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Ana idar da sallar asuba Umma ta kira ni, ta ce in na sallami yara in taho gida, Goggon Maraɗi ta sauka jiya da magariba, kuma ta ce ba wanda zai zaga da ita dangi sai ni. Rabon Goggo da Kano tun bikin ƙanwata a farkon 2019. Na bar wa maigida kunu a flas, na ɗora mayafi a kan rigar sanyi saboda hazon da aka tashi da shi, na tari Adaidaita zuwa Fagge.

Na same ta a tsakar gida ta baje tsaraba a kan tabarma, ga cuku, ga dabino, ga kilishi a naɗe cikin takarda, ga taliya da jarkar man gyaɗa. Ta rame, tsufa ya sauko mata sosai, amma bakin nan yana nan yadda na san shi. Kallo ɗaya ta yi min ta ce, "Ɗiyata, ke ce kin ka koma haka? Mi ake ba ki gidan miji?" Na durƙusa na gaishe ta, ta kama kaina ta sa min albarka.

Ashe tun jiya ba ta yi wa Umma ta'aziyyar Baba ba. Cewa ta yi sai 'ya'yansa sun hallara. Da Yaya Babba ya shigo, Auta ma ya fito daga ɗakinsa, sai ta ture tsarabar gefe, ta gyara lulluɓi, ta matsa gaban Umma ta ce, "Ya haƙurinmu?" Umma ta ɗan yi jim, sannan ta ce, "Haƙuri ya zama dole." Daga nan ba wadda ta ƙara iya magana. Baba ya rasu a watan Afrilun 2020, ana saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi, daidai lokacin da aka kulle Kano saboda korona, tsofaffi suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ko 'yan unguwa da ƙyar suka samu jana'iza, balle ƙanwarsa da ke wata ƙasa. Iyaka ma dama a rufe take tun Agustan 2019 kan maganar fasa-ƙwaurin shinkafa. A waya aka gaya mata. Na zaci shekara huɗu da ɗoriya sun isa su busar da hawayen, sai ga shi mun koma ɗanye shar, har Yaya Babba da ba ya kuka a gaban mutane ya tashi ya fita zaure.

Da aka shafa fatiha, Umma ita ma ta juyo ta ce, "Ke ma ya haƙuri?" Domin mijin Goggo ya rasu a 2022, kuma daga gidanmu Yaya Babba kaɗai ya je, shi ma kwana ɗaya ya yi ya juyo. Kowace na bin 'yar uwarta bashi ke nan.

Na san Umma, ba ta barin magana a ciki in ta daɗe tana cin ta. Ana zuba shayi ta ce, kamar da wasa, "Ai na ji an buɗe Jibiya tun 2022." Goggo ta ajiye kofi ta fara lissafi da yatsu. Lokacin da aka buɗe iyakar, Malam yana kwance, ita ke jinya. Da ya cika ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ta fita ke nan tana haɗa kaya aka ce Najeriya an canja kuɗi, farkon 2023, mutane na kwana a layin banki, ko kuɗin mota sai da taransifa, ita kuwa ba ta da asusu a nan. Ta ce to bari a yi babbar sallah. An yi sallah da wata guda sojoji suka kifar da Bazoum, ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake garƙame iyaka, Najeriya ta yanke musu wuta. Ba a buɗe ba sai watan Maris na bana. Sai damina, sai kaka, sai yau.

Umma ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Shinkafa dai ba ta fasa shigowa ba."

Goggo ta ce, "Shinkafa ba ta da ciwon gwiwa, Yaya."

Dariyar da aka yi ita ta kashe maganar. Ni a raina na ga kowaccensu tana da gaskiyarta. Duk abin da Goggo ta lissafa ya faru, ba ƙari a ciki, kuma ba mai hankalin da zai ce wa tsohuwa ta hau babur ta bi hanyar daji ta wajen Jibiya, inda 'yan bindiga suka addabi ƙauyuka. Amma tsakanin wannan rufewa da waccan akwai watannin da hanya take a buɗe, kuma a cikinsu daga Kano har Maraɗi ba wanda ya motsa sai Yaya Babba. Uzuri in ya samu gindin zama, ko an buɗe ƙofa ba ya tashi da wuri.

Wajen goma muka fita, ni da ita da Auta. Kafin nan ta aike shi Wapa ya canjo mata sefa. Ya dawo da damin naira har ta tsorata, ta ce a sake ƙirgawa. Zuwanta na ƙarshe jikka ɗaya ta sefa ba ta kai naira 700 ba, yau ta haura 2,000. Ta ɗan yi fara'a, ta ce ashe ta zama mai kuɗi. Fara'ar ba ta kai Kurna ba, domin da mai Adaidaita ya faɗi kuɗin shata sai da ta ce ya maimaita. Ya ce, "Hajiya, mai fa lita ta wuce dubu." Kafin a cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023, farashin gwamnati bai kai 200 ba.

Yadda ta shirya kanta ya ba ni sha'awa. A cikin jakarta akwai tsohon ɗankwali da ta yi wa ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da gidansa, kuma ba ta rubuta komai ba amma ba ta rikita ko ɗaya ba. Wannan na barka ne, wannan na ta'aziyya, wannan gudummawar bikin da aka yi ba ta nan, wannan na dubiyar wanda tuni ya warke. A mota ta zauna tana kwance sefar da ta rage tana maye gurbinta da naira.

A Kurna, gidan Baffa, barkar haihuwa ta kai mu. Ta ciro kayan jarirai, riga da hula da safa, waɗanda ta saya tun 2021 da aka ce mata matar ɗan Baffa ta sauka. Aka ce a kira mai kayan. Sai ga yaro ya shigo da gudu da allo a hannu, ƙafa duk ƙura, ya tsaya yana kallon baƙuwa. Goggo ta ɗaga rigar ta gwada a ƙirjinsa, ko rabin cikinsa ba ta rufe ba. Allah ya taimaka uwar tana goyon wata, kayan suka samu mai su. A gidan ma an yi rashin kishiyar Inna bara, don haka a zama ɗaya aka yi barka, aka yi ta'aziyya, aka ci shinkafa da wake da mai da yaji. An kawo fura ta ce wannan ba hura ba ce, an markaɗa ta da inji an zuba mata madarar kanti, in ina son in san hura in zo Maraɗi.

A hanyarmu ta zuwa Hotoro ta dafa Auta ta ce ya ba ta labarin Sudan da bakinsa, ta gaji da jin sa guntu-guntu. Ni kaina ban taɓa jin ya ba da shi a jere haka ba. Yana karatu a Khartum yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Ya ce da farko sun zaci kwana biyu za a yi a daina. Wuta ta ɗauke, ruwa ya yanke, shaguna suka rufe, suna buɗa-baki da abin da ya rage a ɗakunan junansu, sallar idi ma a tsorace aka yi ta. Daga baya aka kawo motocin safa aka kwashe su zuwa iyakar Masar, tafiya ta cikin sahara mai nisan da ya ce bai taɓa zaton akwai irinta ba. A bakin iyaka suka yi kwanaki a yashe suna jiran izinin shiga, rana ta dake su, dare sanyi ya kama su, wayoyi duk sun mutu, mu kuma a nan Umma ta daina cin abinci. Sai farkon Mayu jirgi ya ɗauko su daga Aswan zuwa Abuja. Littattafansa da takardunsa suna can, ko suna nan ko ba sa nan. Goggo ta yi shiru tana girgiza kai, sannan ta ce ai muna da jini a Sudan ɗin, ƙanen kakanta ya tafi Makka a ƙafa bai dawo ba, an ce ya zauna a wajen Mai Wurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Auta ya ce da ya sani da ya nemi dangi ya fake. Ta ce, "Da wane suna za ka neme su?"

Gidan Yaya Babba ba mu daɗe ba, tunda mun gan shi da safe, matarsa muka je wa. Ita ta tuna mana shekarar da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, 28 ga Maris 2022. A jirgin ne Yaya Babba yake zuwa gida daga wajen aiki, ya sauka a Rigasa ya hau mota. Aka dakatar da jirgin har Disamba, titin kuma kowa na tsoronsa, kuɗin jirgin sama ba na ma'aikaci ba ne. Sunan 'yarsa ma a waya ya raɗa shi. Daga nan muka kira Kawu na Maiduguri ta bidiyo don Goggo ta yi masa jajen ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a watan Satumba. Ya juya wayar ya nuna mana inda ruwa ya tsaya a bango, sama da taga. Da aka kashe ta ce wannan ba ta sa shi a lissafi ba, jaje sai an zauna a tabarmar mutum. Ƙullinsa ta mayar cikin jaka.

Dama ra'ayinta ke nan game da zauren dangi na WhatsApp. Jikarta ke kunna mata saƙonnin murya. Ta ce kullum sai "Juma'a mai albarka" da hoton fure, amma rasuwar kishiyar Inna sai da aka yi sadakar bakwai ta ji, don sanarwar ta nutse a ƙarƙashin tallan atamfa. Ban kare mu ba.

Mun ƙara gida biyu a Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, gaisuwar tsaye, muka dawo Fagge ana kiran magariba. Umma ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Bayan isha ta shiga ɗaki ta jawo akwatinta na ƙarƙashin gado ta fito da wata leda. Tsarabar Makka ce. Umma ta biya kuɗin kujera tun 2020, shekarar da ba a bar kowa daga waje ya je ba, haka ma 2021. A 2022 aka ce ban da wanda ya haura shekara 65, ita kuwa ta haura. Sai 2023 ta samu tafiya, bayan Yaya Babba ya yi ciko don kujera ta kusa naira miliyan 3. Duk wanda ya zo sannu da zuwa ya samu rabonsa a lokacin, ashe ta ware na Goggo ta ɓoye: sallaya, carbi, kwalli, da 'yar gorar zamzam da ta hana kowa taɓawa, har ranar da Auta ya yi zazzaɓi ya roƙa. Goggo ta karɓa ta ce, "Ashe duk faɗan nan kina jira na." Umma ta ce, "Wa ya ce jiran ki nake? Mantawa na yi da ita."

Sai a lokacin ta fito da ainihin abin da ya kawo ta bayan gaisuwa. An sa bikin jikarta bayan ƙaramar sallah, kuma ta ce ba ta karɓar wakili, ba ta karɓar kuɗi ta waya, mota guda take so daga Kano, da Umma a gaba. Yaya Babba ya ce a bari layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya kammala mu je a jirgi, tunda an aza harsashinsa tun Fabrairun 2021. Ta ce yarinyar ba za ta tsufa a gida tana jiran jirgi ba. Ta dai gargaɗe mu da mu yi sammako daga Ƙofar Ruwa, mu riƙe katin shaida da canji, domin tsakanin Jibiya da Katsina kaɗai, tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba, shingayen da suka tsayar da su jiya sun ci mata fiye da awa guda.

Na dawo gida goma saura. Na gaya wa maigida maganar bikin, tambayarsa ta farko ita ce, "Ku nawa?" Na ce ni da yara. Ya ɗauko waya ya fara danne-danne, ya tambaye ni nawa ake canja sefa, na faɗa masa, ya ce a bar maganar sai da safe. Gobe kuma Goggo ta ce Kantin Kwari za ta shiga fitar da anko, na ce wa ƙanwata wannan nata ne, tunda ita aka yi wa biki na ƙarshe.