Abin da ihun 'yan kallo ke koya wa masu shirya opera

A opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa daga farko har ƙarshe tare da ƙungiyar makaɗa, ba kasafai ake taɓa kiɗa da baitoci ba. Yadda Mozart ko Verdi ko Wagner suka bar su, haka ake rera su. Abin da ke hannun darakta shi ne wuri da zamani da sutura da motsin 'yan wasa, kuma a nan rigima take. Mai kallo ya biya kuɗi mai yawa, ya haddace waƙar tun yana yaro, labule ya buɗe ya tarar an ɗauke labarin daga fadar sarki an kai shi matatar mai. Dole ya yi magana.

Wanda ya san aikin yakan fara da duba lokacin da ihun ya tashi. Gaisuwar ƙarshen wasa tana da tsari: 'yan amshi su fito, sai ƙananan mawaƙa, sai manya, sai madugun makaɗa, daga ƙarshe darakta da masu zanen dandamali da sutura, su kuma yawanci a daren farko kaɗai suke fitowa. Wannan tsari shi ke ba 'yan kallo damar raba hukunci. A bikin Bayreuth na Jamus a 2013, darakta Frank Castorf ya mayar da Ring, jerin opera huɗu na Wagner, labarin man fetur. An tafa wa madugu Kirill Petrenko kamar a rushe gini, Castorf kuwa ya tsaya a gaban labule kimanin minti goma ana yi masa ihu. Irin wannan ba ya kashe wasa. Mutane sun zauna har ƙarshe, sun saurara, sun faɗi ra'ayinsu a inda aka tanada, kuma an ci gaba da nuna shirin har 2017.

Ihun da ya tashi ana tsakiyar kiɗa shi ne alamar cewa wani abu ya lalace. A watan Yuni na 2015, gidan Royal Opera na Landan ya nuna Guillaume Tell na Rossini, shirin Damiano Michieletto. A kashi na uku akwai inda sojojin mamaya ke tilasta wa matan ƙauye yin rawa. Wannan yana cikin labarin tun asali. Michieletto ya mayar da shi cin zarafin mace ɗaya, aka tuɓe ta a gaban jama'a, alhali makaɗa na buga kiɗan rawa mai daɗin ji. Ihu ya rufe kiɗan. Tunanin daraktan yana da tushe, amma abubuwa biyu suka kayar da shi. An ja wurin ya yi tsawo, domin kiɗan rawa ba ya gajarta don idon mai kallo ya gaji, sannan ba a gargaɗi kowa ba. Shugaban sashen opera na gidan, Kasper Holten, ya nemi afuwa a kan rashin gargaɗin, aka kuma sassauta wurin a dararen da suka biyo.

Gargaɗi aiki ne mai ƙa'ida. Wurinsa shafin sayen tikiti, kafin a biya kuɗi. Takardar da aka manna a bakin ƙofa ta makara, domin mutum ya riga ya yi wanka ya biya mota ya iso. A faɗi abin da sunansa: fyaɗe ne, jini ne, tsiraici ne, a wane kashi, da shekarun da aka ƙayyade. Gidan opera na Stuttgart ya yi haka a 2024 da Sancta na Florentina Holzinger, ya hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga. Duk da haka mutum 18 sun ji jiri ko tashin zuciya a darare biyu na farko, amma wasa bai tsaya ba, tunda kowa ya shiga ne da saninsa. A Düsseldorf kuwa, a watan Mayu na 2013, Burkhard Kosminski ya kai Tannhäuser zamanin 'yan Nazi, da ɗakin gas da harbe iyali a kan dandamali. Wasu 'yan kallo sai da suka ga likita. Darakta ya ƙi canza komai, gidan ya soke shirin bayan dare ɗaya, aka koma rera shi a tsaye ba wasa. Laifin nan na shugabannin gidan ne fiye da na darakta. Ana kawo musu ƙaramin samfurin dandamali watanni da yawa kafin a fara gini, kuma a teburin nan ya kamata a yi gardamar. Wanda ya jira gwajin ƙarshe, an gina kaya, mawaƙa sun yi makonni suna atisaye, ba abin da ya rage masa sai soke ko runtse ido.

Duk daraktan da aka yi wa ihu yakan kawo hujja da Patrice Chéreau. A 1976, cikar Bayreuth shekara ɗari, shi da madugu Pierre Boulez suka kai Ring zamanin bunƙasar masana'antu, kogin Rhine ya zama madatsar ruwa ta lantarki. An yi ihu, an hura usur, har barazanar kisa aka yi. A 1980, daren ƙarshe, tafi ya kai minti 45. Sai dai a lura da dalili. Labarin Ring da kansa na zinariya ne da mulki da yarjejeniyar da aka karya da bayin da ke haƙa a ƙarƙashin ƙasa. Chéreau ya ciro hotonsa daga cikin baitocin, sannan Bayreuth na barin darakta ya dawo kowace shekara ya gyara. Ba kowa ke samun wannan ba. Tosca na Luc Bondy da aka yi wa ihu a gidan Metropolitan na New York a 2009 bai taɓa shiga zuciyar mutanen gidan ba, aka maye gurbinsa a ƙarshen 2017.

Tun da aka fara haska fassarar baitoci a saman dandamali a Toronto a 1983, mai kallo yana karanta abin da ake rerawa. In mawaƙi na kiran takobi yana riƙe da bindiga, dariya za ta tashi, kuma dariya ta fi ihu illa. A Florence a 2018, Leo Muscato ya juya ƙarshen opera Carmen don jarumar, Carmen, ta harbe Don José, wanda a asalin labarin shi ne ke kashe ta. A daren farko bindigar ta ƙi tashi. Duk shirin da ya rataya a kan abu ɗaya yana buƙatar wani a bayan labule da zai fitar da ƙarar a madadinsa.

Addini kuma lissafinsa daban, domin waɗanda abin zai ɓata wa rai galibi ba sa cikin zauren. A Idomeneo na Mozart, shirin Hans Neuenfels a Berlin, an ƙara wani wuri a ƙarshe da ke nuna yankakkun kawuna, ciki har da waɗanda aka ce na Annabi Isa (AS) da Annabi Muhammadu (SAW) ne. Babu wannan a rubutun Mozart, kuma labarin ba ya buƙatarsa. An soke wasan a Satumbar 2006 don tsoron tsaro, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ta yi tir da sokewar, aka dawo da shi a Disamba da 'yan sanda a ƙofa. Shirin yana nan tun 2003, kuma a wancan lokacin ya kamata a tambayi amfanin wannan ƙari.

Darakta yakan hau jirgi bayan daren farko, mawaƙa su ne ke tsayawa gaban jama'a kowane dare. Don haka madugu da mai kula da dandamali su daidaita tun kafin a buɗe labule: in ihu ya tashi, a tsaya ne ko a ci gaba, kuma wa zai ba da alama. Mawaƙin ko-ta-kwana ya kasance cikin ginin. A La Scala ta Milan a Disambar 2006, masu kujerun sama suka yi wa Roberto Alagna ihu bayan waƙarsa ta farko a Aida, ya fice daga dandamali. Mawaƙin ko-ta-kwana, Antonello Palombi, ya shigo da wandon jins ya ɗora daga inda aka tsaya, makaɗa ba su daina kiɗa ba.