Na Je Kano Sayen Jaka, Na Ɓata Yini A Shagon Dukawa

Asabar ɗin da ta wuce na taso daga Zariya da sassafe, ƙanwata ce za ta yi aure ta dage wai sai jakar fata ta Kano. Mota ta sauke mu a Unguwa Uku wajen ƙarfe goma, na hau adaidaita zuwa Ƙofar Wambai, cunkoso kuwa ba a magana.

Ina cikin ratsa layin masu takalma sai na ji wari kamar ana babbakar kan rago, na leƙa wani ɗan shago, ashe inji ne yake yanka fata da wani siririn haske wai shi lesa, ba hannun da ya taɓa shi, wani saurayi dai na zaune gaban laftof yana kallo kan injin na yawo shi kaɗai yana fitar da zanen dagi. Wallahi tsayawa na yi baki buɗe.

A gefe ga mahaifinsa a kan buzu da basilla yana ɗinki. Na gaishe shi na ce Baba ai wannan abin zai kashe muku sana'a. Ya ce zauna ɗana, ya miƙo min fatar akuya ja wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, ya ce shafa nan wajen gadon bayan akuyar, shafa nan wajen cikinta, ka ji ba ɗaya ba ne? Injin bai san wannan ba, sai shi Baban ya nuna inda za a ɗora yanka, wajen ciki saki yake yi ba ya riƙe maɗauri.

Abin da ya fi burge ni yadda yaron ke jera gunduwoyin a kwamfuta kusa da kusa kafin a yanka, fata ba ta tafiya a banza, ɗan guntun da ya saura ma maƙalin makulli suke yi da shi. Kuma ba sa tara kaya, sai an yi oda, goma ko ashirin. Matsalarsu wuta, yanzu kuɗin sola suke haɗawa.

Jakar dai a wurinsu na saya, sai bayan la'asar Baba ya gama ɗinke bakinta, ya ƙi yarda a sa mata gam. Na biya ban nemi ragi ba, na kamo motar Zariya ana kiran magariba, har Kwanar Dangora ina fito da ita daga leda ina duba ɗinkin da fitilar waya.